Somun Ɗari Uku Kafin Igwa

Ina ɗan shekara goma sha biyu na kusa zubar da mutuncin gidan burodin babana. A yini ɗaya na yi wannan aika-aika, kuma da yatsa biyu kacal.

Gidan burodinmu yana unguwar Vratnik, a Sarajevo. Idan azumi ya zo, somun muke gasawa, burodin nan mai faɗi da ake barbaɗa wa habbatus sauda. Tun la'asar mutane ke yin layi har bakin masallaci. Kowa so yake ya kai nasa gida da zafi kafin a harba igwar shan ruwa.

Babana, wanda muke kira Babo, yana da doka ɗaya da ya gada daga kakana. Duk wanda ya shiga layinmu ba ya komawa gida hannu rabbana.

Saura mako ɗaya azumi, Babo ya kira Teta Nermina, wato Gwaggo Nermina, ta yi wa gidan burodinmu shafi. Sana'arta ita ce tsara wa 'yan kasuwa shafin intanet. Ta zo da kwamfutarta, ta sha kofi, ta ce aikin zai ci mako uku.

"Mako uku?" na ce. "Teta, shafi za ki gina ko gada?"

"Rufe mana baki," in ji Babo.

"Ƙyale shi, Zijad," ta ce wa Babo. Ta juyo gare ni. "Kai kwana nawa za ka yi, saurayi?"

"Biyu. Har da hutun cin abinci."

Ba cika baki ba ne. Ni ne fa na sa wa hoton shugaban makarantarmu gemun akuya a kwamfutar ofis. Aka yi wata guda ba a gano ni ba.

"Madalla," ta ce. "To faɗa mini, ƙarfe nawa babanka ke kwaɓa fulawa?"

"Me ya haɗa fulawa da intanet?"

Ta yi murmushi, ta rufe kwamfutarta. Babo ya nuna ni da yatsa. "Aikin nan na Nermina ne. Ka ji?"

Na ji. Amma ban ce na yarda ba.

Washegari na maƙale a ɗakin kwamfuta na makaranta. Kwana biyu cif na gama. Shafin ya yi kyau, jajawur da shi, ga hoton somun yana tururi. Na rubuta da manyan baƙaƙe: BA LAYI, BA JIRA. ZAƁI LOKACINKA, KA ZO KA KARƁA DA ZAFI. Na ari wayar Babo yana barcin rana, na tura adireshin shafin ga duk mutanen da ke cikinta. Ban faɗa masa ba. So nake ya ga abin mamaki.

Ranar farko ta azumi, bayan la'asar, na shiga wurin tanda ina taku ɗai-ɗai.

"Babo, albishirinka. Na samo maka masu sayen somun ɗari uku."

Ya ajiye dogon farantin da yake zaro burodi da shi. "Na yaushe?"

"Na yau. Dukkansu sun zaɓi minti goma sha biyar kafin igwa."

Ya dube ni. Sannan ya yaye ƙyallen da ya rufe kwaɓin. "Ka ga wannan? Tun safe na kwaɓa shi, daidai mutanen layi. Kwaɓi sai ya yi awanni kafin ya tashi. Ko yanzu na zuba fulawa, sai bayan isha'i."

"A ƙara wuta mana."

"Leƙa waje," ya ce.

Na leƙa. Layi biyu na gani. Ga tsofaffin masu sayenmu a jikin bango, kamar kullum. Ga kuma wasu cunkus a bakin ƙofa, kowa ya ɗaga waya.

"An ce ba layi," in ji wata mata mai jan mayafi. "Ga shi a rubuce."

Dedo Hamdija, wani dattijo maƙwabcinmu, ya dogara da sandarsa. "Shekara arba'in ina tsayuwa a nan, 'yata. Yau kuma wayarki ta fi ƙafafuna?"

Babo ya kifa akwatin katako a bakin ƙofa. "Hau. Kai ka gayyace su, kai za ka yi musu bayani."

Na hau. Na ɗaga kai.

"Jama'a, shafin yana aiki daidai," na ce. "Ku ne kuka yi yawa."

Wasu suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Zijad, wannan ne sabon manajan naka?" Mai jan mayafi ba ta yi dariya ba. Ta ce yara huɗu ta bari a gida, kuma ba ta dafa komai da za a ci ba tare da burodi ba.

Babo ya sauke ni. Ya ba kowa haƙuri, ya ce a haɗe a layi ɗaya. Ya ce yau kowane gida somun ɗaya zai samu, ko da goma ya nema. Ni ya sa nake miƙawa. Kowa ya karɓa sai ya harare ni. Na ƙona yatsuna sau uku.

Layi yana raguwa, burodin da ke kan kanta yana raguwa. Dedo Hamdija ya yi ta matsawa baya yana barin masu yara su wuce. Da ya iso gabana, shi kaɗai ya rage. Kantar kuwa wayam.

"Ba komai, Zijad," ya ce. "Akwai guntun na jiya a gida."

Ya juya, ya kama hawan tudu a hankali. Babo bai yi mini faɗa ba. Ya zauna a kan buhun fulawa, ya cire hularsa, ya zuba wa ƙasa ido. Da ma dukana ya yi.

A kan taga na hango ƙunshin gidanmu, somun ɗaya da Babo ya ware mana. Na fizge shi, na fita da gudu. Ina tsakiyar tudu igwa ta tashi. Na ci gaba da gudu. Na tarar da Dedo yana laluben makulli a ƙofarsa.

"Dedo, ga naka. Da zafinsa."

Ya dube ni, ya dubi burodin. "Na gidanku ne, ko?"

"Na wanda ya shiga layi ne."

Ya raba shi biyu, ya miƙo mini rabi. "Kai wa babanka. Ka ce masa dokarsa ba ta karye ba. Makara ta yi da minti biyu."

Mu biyar 'yan gidanmu muka sha ruwa da rabin somun a ranar. Babo ya ba ni loma mafi ƙanƙanta, kuma ban yi gardama ba.

Da safe na je ofishin Teta Nermina da ƙafata.

"Ba haƙuri na zo bayarwa ba," na ce. "Na zo in ga inda naki ya fi nawa."

"Nawa ai ban fara ba tukuna," ta ce. "Ɗauko kujera biyu, mu je wurin tanda."

Muka rufe shafina. Kwana uku muna zaune muna kallon Babo. Ita tana tambaya, ni ina rubutawa. Na koyi lokacin kwaɓi da lokacin tashinsa. Na koyi cewa zubin ƙarshe na mutanen layi ne, ba a taɓa shi.

Sabon shafin ya fito tsakiyar azumi. Mai so ya nema tun jiya. Idan kwaɓin gobe ya cika, shafin da kansa zai ce a yi haƙuri. Masu waya suna karɓa da wuri, masu layi suna hirarsu har igwa. Kowa ya samu. A kan jan launin nan kuwa na kafe, na ce ba za a canza ba. Muka yi ta ja har ta gaji ta bar mini.

Yara, ga abin da na koya. Iya danna kwamfuta daban, sanin aiki daban. Kafin ka ce za ka gyara wa mutum sana'arsa, zauna ka ga yadda yake yin ta. Kuma idan wanda ya fi ka sani ya yi maka tambaya, kada ka yi masa dariya.

Na yarda Teta Nermina ta fi ni. Amma idan kun haɗu da ita, ban ce ku faɗa mata ba.