Mai Zura wa Inna Zare

Ranar Litinin ta farko a dogon hutu aka fara ɓata mini jika. Ni tsohuwar malama ce, ba na manta rana.

Jikata tana koyon ɗinki a wani ƙaramin shago a titinmu. Tsofaffin mata uku ne a ciki. Kekunansu na ƙafa ne, ƙararsu kamar ruwan sama a kan kwano. Shagon yana ƙamshin man keke da sabon yadi. A can aka ɗinka mini rigar da na fara shiga aji da ita.

Babbarsu ita ce Inna Mai Tabarau. Idonta ya yi rauni, amma hannunta bai manta aiki ba. Shagon yana da ƙa'ida: ƙarama ce ke zura wa babba zare. Kowace safiya jikata takan zura zare a allurai, ta jera mata su a kan wani ƙaramin matashin kai.

"Ke ce idona," Inna takan ce.

Zama da tsofaffi ya mai da yarinyar 'yar tsohuwa. In za ta tashi sai ta dafa gwiwa ta ce, "Wash, bayana!"

"Ke! Shekararki nawa?" na ce.

"Kaka, a zamaninmu ba a tambayar haka."

Muka yi ta dariya. Amma ta koyi haƙuri da ladabi.

Sai aka buɗe sabon shago a tsallaken titi. Ga madubi, ga fanka, ga kekunan lantarki. 'Yan mata ne zalla. Ranar Litinin ɗin nan aka aike ta can aron almakashi.

"Ga Gwaggo ta zo!" suka ce. "Gwaggo, ina sandarki?"

Kunya ta kama ta. Don su daina, sai ta riƙa zuwa wurinsu hira. Ta fara cewa shagon su Inna duhu gare shi, kuma hirar tsofaffi ta ishe ta.

Wata rana suka ce, "Gwada mana yadda tsohuwarku take zura zare."

Ta ƙanƙance ido. Ta lashi zare. Ta sa hannunta rawa, tana kuskure allura. Suka fashe da dariya har da tafi.

Ashe Inna tana bakin ƙofa, ta tsallako ta kira ta cin abinci. Idonta ne ya yi rauni, kunnenta ƙalau yake.

Washegari jikata ta ɗauki allura. Inna ta ce, "Bar shi, 'yata. Zan iya."

Inna ta zauna a wajen haske tana ta fama. Har rana ta yi tsaka zare bai shiga ba. Ba ta kira kowa ba.

Jikata ta dawo gida tana kuka. "Kaka, Inna ta daina ce mini idonta."

Ta faɗa mini komai.

"A ina kika yi mata ba'a?" na ce.

"A gaban mutane."

"To, a gaban mutane za ki ba ta haƙuri."

Da safe ta durƙusa a ƙofar shago, maƙwabta suna kallo. "Inna, na yi kuskure. Ki yafe mini."

Inna ta miƙo mata allura.

"Taso, idona. Tun jiya nake lasar zaren nan, har na ƙoshi."

Duk shagon ya ɗauki dariya. Kekuna suka ci gaba da ƙararsu ta da.

Yara, mutum yana ɗaukar halin waɗanda yake zama da su. Ku lura da inda kuke zama, kuma kada ku sayi dariyar wasu da mutuncin wanda ya riƙe ku.

Jikata ta gyara nata. Saura ku, 'yan matan tsallaken titi. Kun girme ta, ku kuka zuga ta, ku kuka yi tafi. Ban yarda da saƙo ba, ban yarda da raɗa ba. Ku tsallako da ƙafarku, ku tsaya a ƙofar shagon, ku ba Inna haƙuri kowa yana ji.