Yarinyar da Ta Nuna Sheƙar Ungulu

Akwai mutanen da suka ƙarar da ungulayen garin nan. Ba zan kama suna ba, sun san kansu. Wasu da buhu suka zo. Wasu kuwa ko buhun ba su taɓa ba. Yatsa kawai suka miƙa, suka ce, "Ga su can."

Akwai wata yarinya a Fatakwal, a unguwar Hausawa ta wajen Trans-Amadi. 'Yar aji biyar ce. A nan aka haife ta, ba ta taɓa zuwa Arewa ba. Bakinta da zaƙi, kanta da ja, kuma ba ta son a ce ta yi ƙarya.

Mahaifiyarta Mero tana sayar da tuwo a rumfa kusa da kwata, inda ake yanka shanu. Kakanta Baba Jumare tsohon mahauci ne. Ya ajiye wuƙa, amma bai ajiye baki ba.

Wata rana Malama Ikram ta ba 'yan aji aiki.

"Kowa ya ɗauko mini hoton dabbar da ba ta gida ba," in ji ta. "Ban da akuya, ban da kaza. Kuma kada a kama, kada a jefa. A kalla, a ɗauka, a bar ta."

Yarinyar ta dawo gida tana ƙunƙuni.

"Baba, wace dabba ce a garin nan? Daga ƙadangare sai ɓera."

"Amarya, ke dai ba ki da ido," in ji tsohon. Haka yake kiran ta don tsokana. "Da na zo garin nan, in an yi yanka, rufin kwata baƙi yake yi da ungulu. Sai ka kore su da ƙafa kafin ka wuce."

"Ungulu? Wannan mai sanƙon kai irin naka?"

"Ita ɗin. Kin raina ta ko? 'Yan shara ne da ba sa karɓar albashi. Duk abin da muka zubar, kafin azahar sun share. Yanzu fa? Shaƙi iska ki ji."

Ta shaƙa, ta yatsine fuska. Wari ne da ƙuda, ga karnuka suna ja da tarkacen nama a bakin kwalbati.

"To ina suka tafi?"

"Ba tafiya suka yi ba, kwashe su aka yi. Masu haɗa layu da maganin ƙarya suna sayen kawunansu." Ya rage murya. "Amma saura biyu. Ni kaɗai na san inda suke."

Washegari da safe ta ari wayar Kawu Yunus, ƙanin mahaifiyarta, mai sana'ar okada, wato acaɓa. Baba Jumare ya ja ta suka bi bayan kwata. Suka wuce wani tsohon tankin ruwa mai tsatsa. Suka tsallake gadar katako. Can bakin ruwa ga wani rimi, dogo ƙwarai.

"Tsaya nan," in ji shi. "Ba a matsawa. Ba a magana da ƙarfi."

Ta ɗaga kai. Can sama, tsakanin rassa, ga sheƙa ta ƙirare. Ungulu ɗaya tana zaune a ciki. Suka jira har ƙafarta ta fara sagewa. Sai ga namijin ya sauko, fukafukai a buɗe kamar tabarma. Wani ɗan kai ya leƙo daga cikin sheƙar, yana buɗe baki.

"Baba, ɗa gare su."

"Ɗaya tak suke yi a shekara. In ya mutu, shekarar ta tafi a banza. Ɗauki hotonki."

Ta ɗauka. Hoton ya fito.

A hanyar dawowa tsohon ya tsaya ya dube ta. Babu wasa a fuskarsa.

"Ki nuna hoton ga wanda kika so. Amma wurin nan, ko wa ya tambaye ki, ba ki sani ba."

"Na ji."

"Ko wa, na ce."

"Na ji, tsoho. Ni ba kurma ba ce."

Kawu Yunus ya tura wa Malama Ikram hoton. A aji, Malama ta ɗaga wayarta kowa ya gani. Sauran yara ƙadangaru suka kawo, ɗaya ma kyankyaso ya kawo.

"Na lie, ƙarya ne," in ji Hashim, yaron da ke zama a bayanta. "A waya ta kwafo. Babu ungulu a Fatakwal."

"Akwai."

"To a ina?"

Ta ciji leɓe. Ba ta faɗa ba. Amma maganar ta yi ta cin ta har aka tashi.

Da yamma tana rumfar mahaifiyarta. Wayar Kawu Yunus tana caji a nan. Ta ɗauka tana ta ɗaukar hoto: tukunya, murhu, masu cin tuwo.

"Ajiye wayar mutane ki ɗebo mini ruwa," in ji Mero.

"Yanzu, Umma."

Akwai wani baƙo a kan benci, da farar hula da jar jaka a gefensa. Da ya ga ta juyo da waya wajensa, ya yi saurin kare fuska da hannu. Sai kuma ya yi dariya.

"Sannu 'yata. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya karatu?"

Hausarsa irin ta Baba Jumare ce, mai gaisuwa har ƙasa. Kullum ana ja mata kunne kada ta tsaya hira da wanda ba ta sani ba. Amma a unguwarsu, wanda ya zo da Hausa a baki ba a kiran sa baƙo. Ɗan gida ne. Ana ba shi ruwa, a ba shi tabarma, a nuna masa hanya. Haka ta taso ta gani.

Mero ta zagaya baya wanke kwanuka. Yarinyar ta nuna wa mutumin hoton ungulun.

Ya daɗe yana kallo.

"Masha Allah. A ina wannan?"

"Baba ya ce kada in faɗa wa kowa."

"Gaskiyarsa. Kada ki faɗa wa baƙi. Amma ni ai ɗan gida ne. Daga Arewa na zo, kamar kakanki." Ya miƙa mata wayar. "Ko da yake, bar shi. Na san yaran yanzu. A waya kuke kwafowa."

Kun ji inda ya taɓa ta. Daidai inda Hashim ya taɓa.

"Ni na ɗauka da hannuna. Ka bi bayan kwata, ka wuce tanki mai tsatsa, ka tsallake gadar katako. Za ka ga rimi."

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi. Ya wanke hannu, ya ɗauki jar jakarsa.

Kwana biyu bayan haka, Baba Jumare ya dawo daga bakin ruwa da hantsi. Bai yi tsokana ba. Ya zauna a kan benci, ya ajiye gashin tsuntsu guda uku a gabansa.

"Lafiya, Baba?" in ji Mero.

"An zuba nama mai guba a gindin rimi. Namijin ya ci, an tafi da shi. Na binne sauran naman." Ya shafa kansa. "Uwar tana kan ɗanta, shi ya sa ba ta sauko ba. Amma yunwa za ta sauko da ita. Wanda ya yi wannan zai dawo."

Yarinyar ta dubi gashin tsuntsun. Ta so ta yi shiru. Babu wanda ya gan ta tana faɗa wa mutumin. Sai ta tuna ɗan kan nan da ya leƙo yana buɗe baki.

"Baba, ni ce."

Ya ɗago.

"Wani mutum ne ya tambaye ni. Ya ce shi ɗan gida ne."

"Ɗan gidan wa?" Muryar tsohon ta hau. "Ke kin ɗauka mugu ba ya jin Hausa? Da wane yare kike so ya tambaye ki? Na ce ko wa. Kika ce ke ba kurma ba ce."

Ta fashe da kuka. Mero ba ta lallashe ta ba.

"Kuka ba zai dawo da tsuntsu ba," in ji ta. "Share fuskarki. Wane mutum ne? Ni masu cin tuwo sun yi mini yawa."

"Mai jar jaka." Ta ja majina. "Na ɗauke shi hoto kafin ya rufe fuska."

Aka kira Kawu Yunus. Ya buɗe wayarsa, ya wuce hoton tukunya, ya wuce na murhu. Ga mutumin nan, loma a hannu, fuska a fili.

"Ashe ke kika cika mini waya da tukwane," in ji shi. "To, yau dai sun yi rana."

Ya tura hoton ga abokansa 'yan okada. Baba Jumare ya kai wa Sarkin Pawa, shugaban mahauta. Malama Ikram ta kira ma'aikatan kula da namun daji.

Washegari da safe mutumin ya dawo. Wani ɗan okada ya gan shi yana bin bayan kwata, ya buga wa Kawu Yunus waya. Kafin mutumin ya kwance ƙullin namansa mai guba, mahauta sun tare gadar katako. Yarinyar tana bayan kakanta, ta riƙe masa riga.

Wani saurayi ya ɗaga sanda.

"Sauke," in ji Baba Jumare. "Ba duka muka zo ba. Hukuma na hanya."

Mutumin ya dubi jama'a yana murmushin dole.

"Haba 'yan uwa. A kan ungulu? Ungulu ce fa, ba saniya ba. Duk mu 'yan gida ne."

"Ka ci tuwon 'yata," in ji tsohon. "Ka yi wa jikata daɗin baki. Ka zuba guba a bakin ruwan jama'a. Yanzu kana kira mini gida? Ina namijin?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya riga ya sayar.

Ma'aikatan suka iso, suka tafi da shi da jar jakarsa.

A gida yarinyar ta tsuguna gaban kakanta.

"Baba, ka yafe mini."

"Ni na yafe. Amma ba ni kika yi wa ba. Uwa ɗaya ba za ta iya gadi da neman abinci a lokaci guda ba. Daga gobe ke ce namijin."

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe kafin makaranta, mahauta suna tara mata tarkacen nama mai kyau a bokiti. Ita da tsohon su kai bakin ruwa. Su zuba nesa da rimi, su ja da baya. Bokitin yana da nauyi, kuma yana wari. A aji Hashim yana toshe hanci in ta wuce. Ba ta kula shi ba.

Da farko uwar ba ta yarda ba. Sai ta yi ta leƙe daga sama. Daga baya ta fara saukowa.

Watanni suka wuce. Wata safiya ɗan ya tsaya a bakin sheƙa, ya yi girma kamar uwarsa. Ya kaɗa fukafukai, ya fasa. Ya sake kaɗawa. Sai ya saki reshen.

Ya yi ƙasa kamar zai faɗi. Yarinyar ta damƙe hannun kakanta. Iska ta ɗauke shi, ya yi sama.

"Amarya, ɗauki mana, kin tsaya kallo."

Ta ɗaga wayar Kawu Yunus. Wannan karon ta kula. Babu rimi a hoton, babu tanki, babu gada. Tsuntsu ne kawai da sararin sama.

Malama Ikram ta sa aka wanke hoton, aka manna a bangon aji. Hashim ya tsaya a gabansa ya daɗe.

"Na yarda ke kika ɗauka," in ji shi. "Abeg, don Allah, a ina ne?"

"A sama," in ji ta.

Malama ta yi dariya, ta juya ga 'yan aji.

"Ku ji darasin. Dabbar daji amana ce. A kalle ta daga nesa, a ɗauki hotonta, a bar ta inda take. Inda take kwana kuma ba a faɗa, ko mai tambayar ya iya gaisuwa. Kuma wanda ya yi kuskure ya faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa."

Yanzu ungulu biyu ne a bakin ruwan, uwa da ɗa. Da uku ne. Sakin baki ne ya ci na ukun, ba guba kaɗai ba.

Na ce an ƙarar da ungulayenmu, da buhu da kuma yatsa. In kana ganin ƙarya nake yi, fita waje yanzu. Ɗaga kanka ka duba saman garinku. Ƙirga nawa ka gani, sannan ka je ka tambayi kakanka nawa yake gani yana yaro. In ka dawo, ƙaryata ni.