Taya ta Huɗu

Da hantsi Sajan ya leƙo ofishin Insifekta Fatihu yana danne dariya.

"Yallaɓai, an yi sata. Motar nan da ta yi haɗari a hanyar Auyo, an kwance mata taya."

"Wacce daga ciki?"

"Fasasshiyar."

Fatihu bai yi dariya ba. Ɓarayin Haɗejiya ba mahaukata ba ne. Babu mai barin lafiyayyun tayoyi uku ya tsaya fama da jak saboda tsumman roba. Ruwa ba ya tsami banza.

Motar ƙaramar jif ce, sabuwa dal, ta Malama Rahmatu, shugabar wata makarantar firamare. Makon jiya tana tuƙi da rana tsaka tayar gaba ta fashe, motar ta ƙwace ta daki bishiya. 'Yarta Zulfa, wadda ke zaune gefenta, ta rasu, ko asibiti ba a kai da ita ba. Fatihu ne ya je wurin, shi ya rubuta "gudun wuce sa'a" a rahoto, don mijin matar ya ce haka take tuƙi. Ko durƙusawa bai yi ya dubi tayar ba. Yau abin ya tsaya masa a rai, ya ji kunyar kakin da ke jikinsa.

Ya tashi ya tafi inda motar take. Wannan karon ya durƙusa. Tayoyi ukun da suka rage na kamfani ne, zanensu ɗaya, haƙoransu cike. Safaya tana mazauninta, ba a taɓa ta ba. A inda aka kwance ta huɗun ya zaro wani ɓallin roba da ya maƙale, ya murza, yatsunsa suka yi baƙi ƙirin. Ya shinshina, ya ji man goge takalmi. Da ya buɗe but ɗin motar kuma, sai ga ƙaiƙayin shinkafa a lungu-lungu.

Daga nan gidan mai motar ya wuce. Ya iske Rahmatu a tabarma, hannunta a naɗe, ta rame kamar ta shekara tana jinya. Mijinta Alhaji Gambo, manomin shinkafa, yana zaune kusa da ita.

"Yallaɓai, in kama ni ka zo yi, bismillah," in ji ta. "Ni na kashe ta."

"Ki yi haƙuri, ƙaddara ce," in ji Gambo, yana kallon ƙasa.

"Malama, an taɓa canza wa motar taya?"

Gambo ya riga ta amsawa. "Haba, yallaɓai. Yadda kamfani ya ɗauro su haka suke."

"Motar tana shiga fadama?"

"Ko da wasa. Ita ta hana."

"Baban Zulfa ya sani," in ji Rahmatu, "ko iska sai na sa an auna kafin in hau titi. Kwalta kawai take bi."

"Kin taɓa barin ta hannun wani?"

"Sai da aka tura mu taro Jahun. Na bar masa makulli ya riƙa tayar da ita."

Fatihu ya dubi Gambo. Gambo ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba.

Washegari Fatihu ya hau babur sai fadamar Auyo. Bai san abin da yake nema ba, ƙaiƙayin nan dai yake bi. Daf da gonar Gambo ya ji injin ban ruwa na ruri, ya waiga, ya taka birki. Kowane manomin rani a nan kan ɗora injinsa a kan tsohuwar taya, don kada ya yi ta tsalle ya nutse a laka. To amma wannan tayar da wilinta na ƙarfe take, yana ƙyalli.

Mai injin, wani dattijo Haruna, ya taho yana goge hannu.

"Baba, ina ka samo wannan?"

"Tsohuwa ce, ranka ya daɗe. Ta daɗe a gida."

"Da sabon wilin jif?"

Haruna ya sosa ƙeya. "To, gaskiya daga nesa na hangi Alhaji Gambo ya wurga ta kogi. Sai ciyawar kachalla ta riƙe ta, ka san ita ba ta barin komai ya wuce. Na ce tunda ba ya so, ai taya ba ta zama shara a fadama."

Fatihu ya juya ta. Gefenta duk tsagewa, haƙoran kuwa da wuƙa aka sake yanka mata su, aka bi da baƙi aka shafe. 'Yar gwanjo ce da ta mutu tun a ƙasar da ta fito. Da ya sunkuya ranar farko, da matar nan ba ta kwana tana tsine wa hannunta ba.

A tsakar gidan Gambo, Sajan ya dire tayar. Gambo ya fito, ya gan ta, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Alhaji, ko ka san ta?" in ji Fatihu.

Rahmatu ta fito ta dafa ƙyaure.

"Buhuna na ɗauko da motar daga gona," in ji Gambo. "Wani ƙarfe ya yage tayar gaba. Irin ta kamfani sai an aika Kano, kuma Malama ta kusa dawowa daga Jahun. In na ɗaura safaya za ta gane. Sai na samo wannan a bakin tasha, na shafa mata baƙi. Na ce kafin ta lura zan sako sabuwa."

"Ka sako?" in ji Fatihu.

"Kullum sai in ce gobe."

"Ka ce mini gudu take yi. Ka kwance shaida ka jefa kogi." Fatihu ya juya wajen matar, ya cire hularsa. "Malama, ba tuƙinki ba ne. Ni ma na rubuta abin da ban duba ba. Ki yafe mini."

Ba ta ko dube shi ba. Idonta na kan mijinta, wanda tun haihuwar yarinyar ba ta taɓa kiran sa da komai ba sai Baban Zulfa.

"Gambo," ta ce a hankali. "Kana ji ina cewa ni na kashe ta, kana ba ni haƙuri."

Sajan ya miƙar da Gambo, ya ɗaura masa ankwa. Har suka kai soro yana waige, ita kuwa ta riga ta saki labule.