Randar da Aka Hana Zufa

A wani zamani, a wani gari mai nisa da rijiya, an yi wani mutum mai suna Jatau, wanda ba ya ƙaunar asara ko ta ƙwayar gero. Mahaifiyarsa tana da randa da ta gina da hannunta tun tana da ƙarfi. Ruwanta sanyi ƙalau, amma kullum jikinta a jiƙe yake.

Jatau ya ce, "Ni in ɗebo, iska ta shanye? Ɗigo ma ruwa ne!"

Tsohuwa ta ce, "Bar ta ta yi zufarta, ɗan nan. Ɗan abin da ke fita shi ke tafiya da zafin, kamar yadda gumi ke sanyaya jikinka."

"Ɗigo ma ruwa ne, Inna."

Ya narka kakin zuma, ya shafe randa ciki da waje. Zufa ta tsaya cak.

Da bazara ta yi tsanani, zazzaɓi ya kwantar da Inna, ta roƙi ruwan randarta. Ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye moɗa. Jatau ya ɗanɗana, ya ji ɗumi kamar ruwan wanka.

Ya ɗauko wuƙa yana kankare kakin da sauri, sai randa ta dare gida biyu.

"Inna, in kin warke kya gina wata?"

Ta ɗago hannuwanta ta nuna masa, tsufa ya riga ya cinye ƙarfinsu.

Jatau ya tsaya yana kallon ƙasa tana shanye ruwan duka.