Ranar Da Don Eusebio Ya Hau Ganuwa

Nayibe na bakin murhu tana soya arepa, wainar masara mai ƙwai, amma hankalinta duk yana falo, inda mahaifinta Don Eusebio ke lilo a kujerarsa yana kurɓar baƙin kofi. Wata takwas ke nan tana jiran ya amince da Wilfrido, saurayin da ke zagayawa da baƙi a ƙafa yana nuna musu tsohon birnin Cartagena na ƙasar Kolombiya.

"Baba," ta ce tana ajiye masa faranti, "Wilfrido yana so ya zo ya gaishe ku..."

"Ɗan yawon nan?" Ya dire kofi. "Shekara talatin da biyar ina sauke kaya a tashar jiragen ruwa, kafaɗata ce shaida. Shi kuma fa? Surutu! Mai sayar da surutu zan ba 'yata?"

"Haba Eusebio," in ji mahaifiyarta Ercilia, "yaron nan ko giya ba ya sha."

"Yaushe zai sha, bakin ba ya rufuwa!"

Nayibe ta shige ɗaki tana kuka. Ƙawayenta sun sha ba ta shawara su gudu birnin Barranquilla a ɗaura aure a can, ta ƙi. Wilfrido ma cewa ya yi matar da zai aura ta ƙofar gida za ta fito, mahaifinta na riƙe da hannunta.

Washegari da safe sai ga tsohon ya fito da farar riga da malafa. Rabon da ya wuce bakin layinsu na unguwar Getsemaní tun da ya ajiye aiki, shekara biyu ke nan.

"Wuce mu je," ya ce mata. "In ɗan yawon nan ya yi ƙarya ɗaya a kan garin nan, a gaban baƙinsa zan tona shi."

Ta bi shi. A gindin Hasumiyar Agogo suka iske Wilfrido da baƙi goma sha biyu daga Bogotá. Da ya hango su ya cire hula.

"Barka da zuwa, Baba."

"Ni ba babanka ba ne. Yi aikinka."

Suka ratsa lunguna, furanni na zubowa daga barandunan katako, suka hau ganuwa. Teku ya buɗe a gabansu, iska na kaɗa riguna. Wilfrido ya dafa wata tsohuwar igwa yana ba da labarin bayin da suka ɗauko duwatsun nan a ka, har wata baƙuwa ta share ƙwalla. Don Eusebio na biye da su a baya. Da ya fara haki a matakala, Wilfrido ya tsayar da kowa a inuwa, wai a ɗauki hoto. Nayibe kaɗai ta gane dalili.

Da suka sauko bakin ruwa, Wilfrido ya nuna dama. "A nan kwale-kwalen kwakwa da ayaba ke tsayawa, lokacin tsohuwar kasuwa—"

"Ƙarya ne!" Don Eusebio ya daka tsawa.

Kowa ya juyo. Nayibe ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Nan wurin masu kifi ne! Na kwakwa can suke, hagu. Wa ya koya maka wannan shirmen?"

Wani baƙo ya kwashe da dariya. Nayibe ta ga kunnuwan Wilfrido sun yi ja. Sai ya matsa gefe.

"Na yi kuskure, jama'a. Ni a littafi na karanta, shi kuwa a nan ya yi gumi. Ranka ya daɗe, ku faɗa mana yadda take."

Tsohon ya yi turus, don faɗa ya zo nema. Ya gyara murya, ya fara da kwale-kwale, ya zarce zuwa matan da ke soya kifi tun safe, da ranar da buhun shinkafa ya jefa shi ruwa yana ɗan shekara sha shida. Har da kwatance da hannu! Baƙi na dariya suna jefo tambaya, Wilfrido na rubutu a ɗan littafinsa. Nayibe ta manta rabon da ta ji muryar mahaifinta haka. Da ya gama, wurin ya ɗauki tafi.

Baƙi suka watse. Don Eusebio ya juyo wajen saurayin.

"Na kunyata ka a gaban mutane, ba ka rama ba."

"Gaskiya kuka faɗa."

"Hmm. Wanda ya iya karɓar gyara zai iya riƙe gida. Ka turo iyayenka."

"Baba!" Nayibe ta rungume shi tana kuka tana dariya.

"Ke, sake ni, mutane na kallo!"

Bayan wata uku aka ɗaura aure a cocin unguwa, unguwar kakaf ta ci shinkafar kwakwa da soyayyen kifi. Haka haƙuri yake. Da sun gudu, da sun sami juna sun rasa uba. Da suka jira, suka kama bakinsu a ranar fushi, sai ga shi tsohon ne ya buɗe rawa a bikinsu.