Ƙararrawar Ƙarfe Takwas

"Auta, ki haƙura da ni kawai..."

Ban ɗago daga kan keken ɗinki ba. Tun da Dogo ya shigo shagona ya zauna a benci babu tsokanar da ya saba, na san takardar hannunsa ba ta alheri ba ce.

"Me Likita ta ce?"

"Ta dawo. Ƙwayar cutar ta dawo cikin jinina. Sati goma sha huɗu kacal da daina magani!"

Na tsayar da keken. Wallahi ko kukan ban iya yi ba, shi ma na gaji da shi.

Da cutar ƙanjamau aka haifi Dogo. Ranar da ya fara cewa yana sona ya gaya min, a bakin teburinsa na gyaran waya, har sukudireba ta faɗi daga hannunsa. Shekara uku ke nan. Baba bai kore shi ba, sharaɗi ɗaya ya kafa: "In ya warke, ya turo magabatansa."

Shi ya sa da aka nemi masu sa kai a wani bincike a asibitin da yake karɓar magani, Dogo ne ya fara ba da suna. Suka ɗebi ƙwayoyin jininsa, suka gyara musu ƙwayar halitta don a toshe ƙofar da cutar ke bi ta shiga, suka mayar masa. Kafin a san ko aikin ya ci, dole ya daina shan maganinsa na kullum, ana ɗibar jininsa duk Talata ana dubawa.

Tun farkon soyayyarmu na sa ƙararrawa a wayata, ƙarfe takwas na safe, in kira shi in ce, "Ka sha?" Ranar da aka tsayar da maganin ya goge tasa ƙararrawar yana ta murna kamar yaro. Ni na kasa goge tawa. Kullum sai ta buga in kashe ta da sauri, in ji kamar ina yi masa mugun fata.

"To yanzu fa?" na tambaye shi.

Ya zaro robar magani daga aljihu ya girgiza. "Mun koma gidan jiya. Likita ta ce sun ƙaru da jinina sosai, wataƙila nan da shekara goma..."

"Goma! Dogo, rigar aurena sau uku ina farke ta. Na rame na rage, na yi ƙiba na ƙara. So kake sai na ɗinka mata aljihun carbi?"

Bai yi dariya ba. "Shi ya sa na ce ki haƙura, abar ƙaunata. Ba zan tsufar da ke a layin asibiti ba."

"Ai ka riga ka tsufar da ni. Gobe ka zo gida, takwas saura kwata. Ka taho da robar nan."

Ya zo, fuska duk a yamutse. Baba na falo kan kujerarsa, Umma ta ajiye masa kofin ruwa da ɗan akwatin maganinsa mai gida bakwai, kamar kullum. Muka durƙusa muka gaishe su. Dogo ya faɗi sakamakon, kansa a ƙasa.

Baba ya nisa. "Allah ya ba ka lafiya, yaro. Amma maganata tana nan."

"Baba," na ce, "Likita ta faɗa a gabana, ba sau ɗaya ba. In yana shan magani har cutar ta kwanta, awo ya daina ganinta, ba zan ɗauka ba. Nan da 'yan watanni za ta sake kwanciya."

"Kwanciya ba warkewa ba ce, Auta."

"Ka yi haƙuri, Baba... kai ka warke?"

"Ke!" Umma ta zaro ido.

"Shekara goma sha biyu yana shan maganin hawan jini, Umma. Ke kike cika masa akwatin nan duk Asabar. Kin taɓa cewa za ki tafi gida sai ya warke?"

Sai ga hawayen da suka ƙi zuwa jiya. "Na gaji, Baba. Na gaji da jiran Talata. Dogo ya ba likitoci jininsa, ya bar maganinsa, ya sa ransa a haɗari saboda kalma ɗaya da ka faɗa. Me kuma ya rage ya bayar?"

Akwatin kawai Baba yake kallo.

Wayata ta buga. Ƙarfe takwas.

Wannan karon ban kashe ta ba. Baba ya buɗe gidan ranar, ya jefa ƙwayarsa a baki, ya kurɓi ruwa. Ya daɗe riƙe da kofin, Umma na kallonsa, ni ma haka.

Sai ya miƙa wa Dogo.

"Karɓi ka sha naka," ya ce. "Kada ka sake wasa da shi saboda maganar wani tsoho. In cutar ta kwanta, ka turo magabatanka."

Dogo ya karɓa hannu bibbiyu, ruwan na zuba a rigarsa.

"Ka sha?" na ce, ina share ido.

"Na sha, Auta."