Amfilifayar Mzee Shabani

Da hantsi Sufeton 'yan sanda Mwanaidi Kombo ta isa gidan wani dattijo, Mzee Shabani, a garin Tanga. Tsohon direban jirgin ƙasan yana tsaye a falo, yana nuna kantar da babu komai a kanta.

"Amfilifayata ta kiɗa aka ɗauke, ranki ya daɗe! Jiya aka gama ja mata layin wuta nata ita kaɗai, tun daga mita, don firji ya daina sa mata gurnani. Yau da yamma za a yi sunan jikata, da ita za a sa kiɗa. Na je sayen kifi, na dawo babu ita."

Sufeto ta duba ƙofa. Ba a ɓalle ta ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da abokina Kibwana. Amma shi tare muka tashi, cire shi."

Ta sami Mrisho, mai aikin wutar, a kan tsani a bayan kasuwa.

"Ni? Me zan yi da ita?" in ji shi. "Filoginta ƙato ne, soket ɗin da na sa kaɗai yake shiga."

"Wani ya nemi irinsa?"

Ya sosa ƙeya. "Mzee Kibwana, ɗazu. Na ce sai jibi, ya tafi yana mita."

A ƙofar gidan Kibwana ƙaurin wayar wuta ya tarbe ta. Dattijon ya fito cikin sabuwar farar riga, yana ƙamshin turare.

"Amfilifaya? 'Yata, ni ko kiɗa ba na ji. Kunnen ya mutu."

"To me ya ƙone?" ta tambaya a hankali.

"Shinkafa ce," ya amsa nan take.

"Ashe kunnen da sauransa, Baba."

Sai muryar mace ta fito daga falo: "Kibwana, ka ce za ka sa mini waƙar ƙuruciyarmu, sai ga tartsatsi!"

Sufeto ta leƙa. Wata dattijuwa ce da ake kira Bi Zuhura, mai sayar da waina, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ga amfilifaya a gabanta lafiya lau, ga soket ya yi baƙi ƙirin.

Kibwana ya zauna jagwab.

"Ni na ɗauka. Aurenta nake so, bakina ya kasa faɗa. Na ce bari waƙa ta faɗa mini, in mayar kafin azahar. Da filogin ya ƙi shiga, na cusa waya."

"Don wannan ka kusa ƙone mu?" Bi Zuhura ta riƙe haɓa. "Ai da ka tambaya kawai. Na yarda, tsohon banza."

Sufeto ta buga wa Shabani waya. Dariyarsa har titi ake ji.

"Na janye ƙara! Amma ya ɗauko ta a ka, ya taho da amarya."

"Tashi, Baba," in ji Sufeto. "Kana hannuna har ƙofar gidan suna."

Ta tasa shi gaba, amfilifaya a kansa, Bi Zuhura a baya tana ta rangaɗa guɗa.